Tsohon VFR800 a zafin Kano: injin lafiya lau, waya da roba ne ke mutuwa

Duk wanda ya zo wajena da maganar zai sayi tsohon babban mashin, irin wanda ake ce wa fawa baik, tambayarsa ba ta wuce ta injin, yana hayaƙi? yana shan baƙin mai? an taɓa buɗe shi? Tambayoyi ne masu kyau amma gaskiya ba nan gizo ke saƙar ba. Mashin ɗina Honda VFR800 ne ƙirar 1999, ya haura shekara 25 a duniya, tokumbo na saye shi, kuma har yau ba a taɓa sauke injin ɗinsa ba, ban ma ga alamar za a sauke nan kusa ba insha Allah. Abin da ke tsayar da irin wannan mashin a bakin titi wayarin ne, da roba, da ruwa da mai da aka manta da su a cikinsa shekara da shekaru, sai kuma hannun da zai taɓa shi kamar yana taɓa Boxer ko Jincheng.

Akwai dalilin da ya sa injin ɗin yake da wannan ƙarko. A 1983 Honda ta fito da VF750F mai injin V4, mashin mai kyau da gudu, sai dai sandar kam ɗinsa, wadda ke buɗe bawul tana rufewa, ta riƙa cinyewa tun bai yi nisa ba, maganar ta bazu a Turai da Amurka har sunan kamfanin ya taɓu. Da suka tashi wanke kansu a 1986 sai suka fito da VFR750F, suka cire sarƙar taimin gaba ɗaya suka sa giyoyi masu haƙora su riƙa juya kam ɗin, wato babu sarƙar da za ta saki, babu abin ɗaure ta da zai gaji. A 1990 aka ba shi hannu ɗaya tal da ke riƙe tayar baya, a 1998 kuma aka fito da irin nawa, mai 781cc da injekta maimakon kafireto, wanda aka gina injin ɗinsa a kan na mashin ɗin tserensu RC45. Daga 1998 zuwa 2001 aka yi shi. A 2002 da suka kawo mai VTEC, wani tsarin bawul na Honda, sai suka koma sarƙar taimin, shi ya sa har gobe masu son VFR suke riƙe da na kafin 2002 hannu bibbiyu, ni ma ina cikinsu kuma ba na ɓoyewa.

Waɗannan giyoyin suna da wani kuka siriri da suke yi, yana tashi yana sauka da totur. Wanda bai san mashin ɗin ba da ya ji sai ya kama baki. An sha ce min "Oga boris ɗinka ya tafi fa, a sauke a duba kafin ya yi ɓarna." Wallahi duk wanda ya ce maka haka ka yi masa godiya ka ɗauki mashin ɗinka ka bar wajen, ba don mugun mutum ba ne, kawai dai ya nuna maka bai taɓa aiki a kan irinsa ba. Kukan haka yake tun daga kamfani, ranar da ka daina jin sa ma ita ce ranar da za ka damu.

To bari in zo kan abin da ya fi komai muhimmanci, caji. Mashin ɗin nan ba shi da kik, famfon mai da injekta da ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, dukkansu da wuta suke aiki, idan batir ya yi ƙasa magana ta ƙare, ko turawa aka yi ba lallai ya tashi ba, kuma abu ne da ya haura kilo 200 ko mai ba a zuba ba, tura shi a rana ba ƙaramin aiki ba ne. Yadda cajin yake shi ne, akwai kwayil a cikin injin da ke samar da wutar AC ta wayoyi uku masu ruwan ɗorawa, su zo su shiga rektifaya, shi kuma ya mai da ita DC ya kuma tsare ta kada ta wuce abin da batir zai iya ɗauka. Irin rektifayan wancan zamanin, kwayil kullum yana ba da duk abin da zai iya ne, abin da mashin bai buƙata ba sai ya tashi a zafi, kenan shi kullum a cikin zafi yake aiki ko ka kunna fitila ko ka kashe, ga shi an ɓoye shi a ƙarƙashin robar baya inda iska ba ta isa sosai. Yanzu ka haɗa wannan da shekara 25 da kuma watan Afrilu a Kano lokacin da zafi yake haura 40.

Nawa ya fara ne da fitilar gaba tana dushewa in yana silo, sitata tana yin nauyi da safe, agogon dashbod yana komawa farko duk sanda na tashe shi. Kowa cewa yake batir ne, a canza batir. Wani dattijo mai wayarin da nake kai wa aiki, wanda ya daɗe a kan manyan motoci da janareta, ko kallon batirin bai yi ba, cewa ya yi in cire masa kujera da robar baya, ya bi wayoyin nan uku da yatsa har ya kai kan soket ɗin da ke tsakanin kwayil da rektifaya. Soket ɗin fari ne asalinsa amma ya koma ruwan ƙasa, gefe ɗaya ya narke ya manne da ɗan'uwansa sai da ya sa sukudireba ya ɓamɓare, ƙarfe ɗaya daga cikin ukun ya yi baƙi ƙirin, robar wayar kuma wajen tsawon ɗan yatsa ta bushe, kana lanƙwasa ta tana marmashewa tana zuba a tafin hannu. Ya kai hanci ya shinshina ya miƙo min, ƙaurin ƙonanniyar roba ne sosai. Ya ce "Alhaji batirinka ba shi da laifi, abinci ne ba ya isa gare shi." Na ce Baba to a nemo sabon soket? Ya ce "A'a ɗana, sabon ma haka zai yi wata rana, a yanke shi a haɗa waya da waya da dalma, amma bari mu auna tukuna mu ga ko bai tafi da wani abu ba."

Wannan awon shi ne abin da nake so duk mai irin wannan mashin ya iya da hannunsa, domin mitar awon wuta ba ta da tsada kuma minti goma ya isa. Mashin a kashe ya huta, batir mai lafiya zai nuna wajen bolt 12.6. Ka tashe shi ka murza totur zuwa juyi 5,000, mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5, idan ta tsaya ƙasa da 13 ba ya caji, idan ta haura 15 yana dafa batirin ne kuma zai iya ƙona kwan fitila har da ƙwaƙwalwar mashin, wanda shi ne babbar asara. Sai ka kashe ka raba wayoyin nan uku ka auna tsakanin kowane biyu, ka sa mita a kan awon om, ya kamata su nuna ƙasa da om ɗaya kuma duka ukun su zo kusan daidai, sannan ko ɗaya kada ta nuna tana haɗe da jikin injin, in ta nuna kwayil ya ƙone. Na ƙarshe ka mai da mita kan AC ka tashi mashin, kowane biyu su ba da wuta kusan iri ɗaya, sama da bolt 50 in ka kai juyi 5,000. Kuma a maimaita awon bayan mashin ya yi zafi sosai, saboda akwai kwayil da rektifayan da in suna sanyi lafiya ƙalau suke nunawa, sai sun ɗau zafi halinsu yake fitowa, shi ya sa mutum zai bar gareji da murna ya je ya tsaya a hanyar Zariya.

Nawa kwayil ya tsira, rektifayan ne ya fara gajiya. Ban ga laifin wanda ya ƙera ba, abin da ya yi aiki shekaru sama da 20 a cikin zafi ya biya kuɗinsa, kuma ba VFR kaɗai ba ne, yawancin manyan mashinan wancan lokacin haka suke. Abin da na sa a madadinsa shi ne irin na zamani mai MOSFET, Shindengen FH020AA, wanda ba ya ɗaukar zafi kamar tsohon, aka ja masa waya mai kauri kai tsaye zuwa batir ta cikin fiyus mai amp 30, wayoyi ukun aka liƙe su da dalma aka rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, ba baƙin salatif ba wanda zafi zai warware shi cikin wata ɗaya. A kula dai, jabunsa sun cika intanet, kamanninsu ɗaya har rubutun jiki, idan ka ga farashin ya yi sauƙi da yawa to araha ba ta ado. Sannan na maƙala 'yar ƙaramar mitar bolt a gefen dashbod, ina tafiya ina kallonta, ita ce za ta gaya maka matsala ta taso tun kana da sauran wutar da za ta kai ka gari. A duba gidan babban fiyus da ke kusa da batir shi ma, yana narkewa irin wannan narkewar, da duk inda wayar nagatif ta kama jikin mashin, a kwance a goge a sa ɗan giris a mayar.

Na biyu zafi. VFR800 lagireto biyu gare shi kuma a gefe da gefe suke ba a gaba ba, in kana tafiya iska tana ratsa su lafiya lau, amma ka shiga gosulo a Kurna ko Ƙofar Ruwa da azahar za ka ga lamba tana hawa a dashbod har ta ɗan haura 100 kafin fanka ta kama, ƙafafunka kuma su gaya maka. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka yi shi, don doguwar hanya aka ƙera shi ba don zagayen cikin gari ba. Matsalar ita ce maganin da aka saba yi wa motocin tokumbo a ƙasar nan, a cire tamostat, wato abin da ke tsare ruwa a cikin injin har sai ya yi zafi, a yar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga kunna makulli. Don Allah kada ka bari a yi wa mashin ɗinka haka. Ƙwaƙwalwarsa tana karanta zafin ruwa ne ta san yawan man da za ta ba injin, idan babu tamostat a kan babbar hanya ruwan ba zai kai zafin da ake so ba, musamman da hunturu ko ka hau Jos da sassafe, sai ta ɗauka injin bai gama ɗumi ba ta yi ta ƙara mai, shan mai ya ƙaru, fulogi su yi baƙi, fetur ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Fankar da aka haɗa kai tsaye kuma tana jan wuta ne a daidai lokacin da caji ya fi rauni wato a silo, ka ga an koma kan matsalar farko.

Shi tamostat ɗin ma da kansa yakan maƙale a buɗe in ya tsufa, alamarsa ita ce kana gudu a hanya lambar ta ƙi hawa inda ta saba. Canza shi aiki ne, don yana can tsakiyar injin a cikin kwarin V ɗin, sai an ɗaga tanki an cire akwatin iska da duk saitin injekta kafin hannu ya kai. Shawarata, ranar da aka buɗe wajen a canza duk tiyon ruwa da zoben roba da ke ciki gaba ɗaya ko da ba sa yoyo, saboda roba ce 'yar 1999 kuma ba ka son sake wannan buɗewar. Murfin lagireto ma a canza, ba shi da tsada kuma shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa. Ruwan rijiyar burtsatse ko na famfo kada ya shiga ciki, yana barin farin dutse yana cin alminiyom, a sa ruwan lagireto na gaske wanda ba shi da silikat don kada ya ci sil ɗin famfon ruwa, in za a sirka a sirka da tataccen ruwa irin na batirin inbata, ba mai asid ba. Kuma a wajen wanki a hana yara harba masa injin wanki mai ƙarfi, yana lanƙwasa fikafikan lagireto yana tura ruwa cikin soket da boris, bokiti da soso sun wadatar.

Baƙin mai ba doguwar magana ba ce amma mutane da yawa a nan suke kashe kulocinsu. Kulocin mashin a cikin baƙin man injin yake iyo, man mota na zamani kuma akwai sinadarin ƙara santsi a cikinsa, ka zuba shi sai kuloci ya fara zamewa, ka murɗa totur injin ya yi ihu mashin bai ƙara gudu ba. A nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan, 10W-40, lita uku da ɗan wani abu yake sha har da filta. Littafin sabis ya ce juye duk kilomita 12,000, amma wancan lissafin ƙasar da ba ƙura ba ne, ni ba na wuce rabin haka. Filtar iska tana ƙarƙashin tanki, da hunturu ina ɗaga tankin in duba ta a kai a kai, in ta toshe canzawa ake yi, ba a wanke ta da fetur ba a kuma huda ta, ƙurar da ta wuce filta kai tsaye ringi da bawul take ci.

Fetur kuma, wanda yake da mota ko mashin a watan Fabrairun 2022 bai manta da gurɓataccen man nan mai yawan methanol da ya shigo ƙasar ba, da irin injinan da ya kwantar. Injekta ba ta da haƙurin kafireto, ramukanta ƙanana ne ƙwarai, famfon mai da filtarsa kuma a cikin tanki suke, duk dattin da ya shiga a kansu yake sauka. Tankin lita 21 ne, yana kai ni Kaduna daga Kano da saura, don haka in zan yi tafiya ina tsara inda zan sha mai tun daga gida don kada in faɗa hannun 'yan bumburutu a tsakiyar hanya. In kuma mashin zai daɗe a ajiye gara a bar tankin a cike, rabin tanki yana tara raɓa a ciki tsatsa ta kama. Wanda zai sayi tokumbo ya buɗe murfin tanki ya haska tocila ya leƙa, ya kuma shinshina, tsohon man da ya ruɓe warinsa daban ne.

Birki shi ne wajen da na fi jin tsoron baƙon hannu. Na wannan mashin haɗaɗɗe ne, Honda ta kira shi Dual CBS, ka matsa na hannu yana kama gaba ya taɓa baya kaɗan, ka taka na ƙafa yana kama baya ya taɓa gaba, kowane gidan birki fistan uku gare shi, kuma akwai wata ƙaramar masta ta biyu, wato famfon man birki, a jikin sandar gaba ta hagu wadda ita ke tura mai zuwa baya in gaba ya kama. Tiyo ne da bututu ko'ina, wuraren fitar da iska suna da yawa kuma akwai tsarin da ake bi ɗaya bayan ɗaya, wanda bai sani ba zai fitar da iskar gaba ya ce an gama, kai kuma ka taka na ƙafa ka ji shi laɓo-laɓo. Mafi haɗari shi ne idan ƙaramar mastar nan ta toshe da dattin tsohon mai, sai birkin baya ya riƙa kamawa shi kaɗai ba ya saki, faifan ya yi zafi jau, kana tafiya kana jin kamar ana jan ka ta baya. Bayan ka ɗan yi tafiya ka tsaya ka kai hannu kusa da faifan baya, kada ka taɓa, in ka ji yana huci alhali ba ka yi ta taka birki ba to akwai magana. Maganin duka shi ne canza man birki DOT 4 duk shekara biyu, don yana tsotsar ruwa daga iska ko ana hawa ko ba a hawa, da na kuloci ma don shi ma na mai ne ba waya ba. Man da ya koma baƙi a cikin ɗan kofin ya daɗe da mutuwa. A kuma rufe tanki da tsumma lokacin aikin, ɗigo ɗaya yana cin fenti.

Tayar baya noti huɗu ne kamar ta mota, cire ta ya fi na kowane mashin sauƙi. Ɗaure sarƙa ne ya bambanta, babu notin ja a gefe biyu irin wanda aka saba, ana sassauta babban noti ɗaya ne a ƙarshen hannun bayan sannan a juya gidan boris ɗin gaba ɗaya da wata sifana mai ƙugiya da take zuwa a cikin kayan aikin mashin. Yawancin tokumbo sun rabu da wannan sifanar, sai a kama dukan haƙoran da guduma da kurfi har su farfashe. Ka nemi sifanar ko ka sa mai walda ya yanka maka irinta, kuma a taɓa kwance gidan a wanke a sa giris, in ya daskare da tsatsa da ƙasa ranar da kake buƙatarsa ba zai motsa ba. Sarƙar lamba 530 ce mai zoben roba a tsakani, da kananzir ake wanke ta ba fetur ba, kuma in za a canza a canza ta tare da sufuroket na gaba da na baya, a kuma haɗa ta da mahaɗin da ake dannewa ya mutu, mai ɗan kilif ɗin nan ba na ƙarfin wannan injin ba ne.

Tayoyi 120/70 a gaba 180/55 a baya duka a kan rim 17, iska psi 36 a gaba 42 a baya, kuma ka sayi gejinka na kanka ka riƙa aunawa da safe tayar tana sanyi, na mai faci sau da yawa ya gaji. Abin da ke ɓata min rai shi ne tayoyin gwanjo, za ka ga zanen yana nan raɗau mai sayarwa yana rantsuwa sabuwa ce, alhali robar ta bushe. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 2314 tana nufin mako na 23 a 2014. Ni tayar da ta wuce shekara biyar zuwa shida ba na ɗora raina a kanta komai kyan zanenta, a nan kam ba na neman sauƙi, don faɗin abin da ke taɓa kwalta bai wuce tafin hannu ba.

Saitin bawul duk kilomita 24,000 ake dubawa, na shiga 0.16 na fita 0.30 na milimita injin yana sanyi, bawul 16 ne, kuma sau da yawa za ka auna ka tarar ba abin da ya motsa, ka mayar ka rufe. Dubawar dai dole ce, bawul ɗin da ya matse ba ya ƙara ballantana ka ji. Fulogi huɗu NGK CR9EH-9, su ma akwai jabu. Wani ƙaramin abu da zai cece ka daga ɓacin rai, kusoshin mashin ɗin Japan masu kan giciye ba irin na sukudireban da muka saba ba ne, nasu JIS ne, za ka ga ɗan ɗigo a kan wasu, sukudireba na kasuwa yana zamewa ya cinye kan, musamman na murfin kofin man birki. Robobin jiki kuma sun bushe da shekaru, a bi su a hankali a san inda kowane harshe yake shiga kafin a ja, don samun wani gefen yanzu sai an sha wuya.

Maganar kayan gyara gaskiya sai da haƙuri. Baƙin mai, man birki, fiyus, waya, boris, kayan aiki, duk ana samu a Kano da Kaduna da Abuja. Amma tamostat, tiyon ruwa, sil ɗin masta, filtar iska, waɗannan sai an yi oda daga Ingila ko Amurka ko Japan, kuma tun 2023 da dala ta tashi aka kuma cire tallafin mai, riƙe irin wannan mashin ya ƙara nauyi, ba zan ɓoye wa kowa ba. Abin da nake yi shi ne in nemo lambar kayan a zanen kamfani da ke intanet in yi oda da lambar ba da suna ba, don na 1998 da 1999 sun ɗan bambanta da na 2000 da 2001 a wasu wurare, na farkon suna da ɗan hannun cok na ɗaga silo da safe, na bayan da kansu suke yi, salansarsu ma ba ɗaya ba ce. Ina kuma tara buƙatu in haɗa su a oda ɗaya saboda kuɗin kawowa.

Makanikanmu ba na raina su ko kaɗan, akwai masu basirar da in ka ga abin da suke yi da ƙaramin kayan aiki sai ka sara musu. Abin da ya rage shi ne irin wannan mashin bai cika zuwa hannunsu ba, kuma aikinsa na awo ne ba na kunne da ƙiyasi ba. Don haka ni littafin sabis yana cikin wayata, in na kai aiki ina zama a wajen, mu buɗe shafin tare mu duba, sifana mai awon ƙarfi ma tawa nake kaiwa saboda injin alminiyom ne, notin juye baƙin mai in aka ɗaure shi da ƙarfin tuwo zaren ya tafi. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan, dattijon nan mai wayarin har cewa yake in tura masa zanen wayoyin a WhatsApp ya duba da daddare kafin in kawo.

Wanda yake son saye, ga abin da zan ce ya yi a ranar, ya je da mita da tocila, ya ce kada a tashi mashin kafin ya iso don ya ji yadda yake tashi a sanyi, ya sa a cire robar baya ya ga soket ɗin nan da idonsa, ya bar shi yana silo har fanka ta kama ta kuma tsaya da kanta, ya ɗora shi a kan jak ɗin tsakiya ya juya tayar baya ya taka birki ya ga ko tana saki, ya karanta shekarar tayoyi. Sannan bayan kuɗin saye ya ware wani kuɗin daban na canza duk wani ruwa da mai da roba tun kafin tafiyar farko, in kuɗin ba su kai na biyun ba gara ya ƙara jira.

Ni yanzu aikin da ke gabana shokazoba ne. Na baya tun na kamfani ne, ya gaji, in na faɗa rami sai ya yi ta lilo kafin ya nutsu, kuma in na ɗauko kaya a baya fitila sama take kallo. Sandar gaba ta dama ma ta fara barin zoben mai, ƙurar hunturun bana ce ta ci sil ɗin, kuma ba abin wasa ba ne don in ya yi yawa kan faifan birki yake gangarowa. Sil da man sandunan sun iso, zan haɗa da boris ɗin wuya tunda dai an kwance gaban, na baya kuma ina nan ina neman wanda za a iya buɗewa a sake cikawa, ba na gwanjon da ya yi shekaru ɗaya da wanda zan cire ba.